FATAUCIN MUTANE DA BAUTAR ZAMANI: DARASI DOMIN HAKIMAI DA MALAMANSU

Wannan takarda an shirya ta ne domin Hakimai, iyayen ƙasa, da malaman da ke riƙe musu littattafan ofis. Maganar da ke cikinta ita ce fataucin mutane, watau cinikin da a ke yi da 'yan Adam kamar yadda a ke yi da shanu ko buhunan gyaɗa. Za a bayyana girman wannan ɓarna, da tanadin da Gwamnati ta yi wa waɗanda aka cuta, sa'an nan da abin da ya rataya a wuyan Hakimi da malaminsa. Ana roƙon a karanta ta a natse, a kuma karanta wa Dagatai da Masu Unguwa ranar da suka taru.

1. BAUTAR DA DA TA YAU

Ba wanda ya kai sarakuna sanin labarin bautar da. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa wajen shekarar 1900 akwai bayi tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi a cikin Daular Sakkwato. Da Gwamna Lugga ya zo sai ya yi shela a 1901, ya hana harin bayi da cinikinsu, ya ce ko wane yaro da aka haifa daga ran 1 ga Afrilu na wannan shekara ɗa ne. Waɗanda suka riga suka zama bayi kuwa, da yawa sun fanshi kansu ta hanyar murgu, alƙali ya ba su takardar 'yanci. Aka buɗe gidajen 'yantattun bayi a Zungeru da Barno, domin mata da yara da aka ƙwato daga hannun fatake. A 1936 aka soke bautar ɗungum a Jihar Arewa. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya nanata wannan a sashe na 34, inda ya hana bautar da mutum ko sa shi aikin tilas.

To, kasuwar bayi ta watse, amma kwaɗayin cin gumin wani bai mutu ba, ya sake riga ne kurum. A da da dawaki da masu a ke kama bawa. Yau da alkawarin aiki a ke kama shi, shi ne ma zai biya kuɗin motar da za ta kai shi. Mari da sarƙa sun koma bashi da rantsuwa da ƙwace fasfo. Wannan shi a ke kira bautar zamani.

2. MENE NE FATAUCIN MUTANE?

A shekarar 2000 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Palermo na Italiya, Nijeriya na cikinsu, suka tsai da ma'anar wannan laifi. Abu uku ne ke haɗuwa. Na farko, a ɗauki mutum, ko a kai shi wani wuri, ko a ɓoye shi, ko a karɓe shi. Na biyu, a yi haka ta hanyar ƙarfi, ko razanarwa, ko yaudara, ko ba da kuɗi ga wanda ke da iko a kansa. Na uku, nufin ya zama na ci da guminsa: aikin tilas, ko karuwanci, ko bara, ko cire wata gaɓa ta jikinsa.

Akwai hukunci biyu a nan da ya kamata ko wane malami ya haddace. Idan an yaudari mutum ko an tilasta shi, cewa "ai da yardarsa ya tafi" ba hujja ba ce. Idan kuwa yaro ne wanda bai kai shekara 18 ba, ba a ma bukatar a nuna an yi yaudara. Ɗaukarsa da nufin ci da guminsa ya isa laifi, ko da iyayensa ne suka miƙa shi.

Kada kuma a ɗauka sai an ƙetare iyaka. Yarinyar da dillaliya ta ɗauko daga ƙauye ta kai ta aikatau birni, tana karɓe kuɗinta ko wane wata, yarinyar ba makaranta, ba hutu, ba ikon komawa gida, ta shiga wannan lissafi ko da tafiyar ba ta wuce ta yini guda ba. Haka yaran da wani ya tara da sunan karatu, alhali ba karatun, sai bara, yana karɓar abin da suka samo. Wannan dabam ya ke da malamin kirki wanda ke karantar da almajiransa yana kula da su, Hakimi kuwa ya fi kowa sanin bambancinsu.

Mai tsallakar da mutane iyaka a ɓoye domin a biya shi, shi ma mai laifi ne, amma nasa laifin fasa-ƙwauri ne, ciniki na ƙarewa in an isa. Sai dai sau da yawa tafiyar da ta fara da fasa-ƙwauri ta kan ƙare a bauta, domin wanda guzurinsa ya ƙare a tsakiyar hamada ya zama abin sayarwa.

3. GIRMAN ƁARNAR A DUNIYA

Ba a iya ƙidaya waɗannan bayin Allah kamar yadda a ke ƙidayar masu biyan haraji, domin a ɓoye su ke. Abin da a ke yi shi ne a bi gida-gida a ƙasashe da yawa ana tambaya, sa'an nan a yi ƙiyasi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, da Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, da wata ƙungiya mai suna Walk Free, sun fitar da irin wannan ƙiyasi a 2022. Ga abin da suka samu game da shekarar 2021:

Mutum wajen miliyan 50 ne ke cikin bautar zamani, watau kusan mutum 1 cikin ko wane 150 na mutanen duniya. A 2016 miliyan 40 ne, ƙarin wajen miliyan 10 ke nan cikin shekara 5.

Daga cikinsu miliyan 27.6 aikin tilas su ke yi, miliyan 22 kuma auren dole ne ya riƙe su.

Cikin masu aikin tilas, miliyan 6.3 karuwanci aka sa su, miliyan 3.3 kuma yara ne.

Wanda ya tafi ci-rani wata ƙasa ya fi mazaunin gida haɗarin faɗawa aikin tilas har ninki uku. Hanyar da aka fi bi a danne ma'aikaci kuwa ita ce riƙe masa ladansa, ya kasa tafiya domin yana jiran haƙƙinsa.

A 2024 Ƙungiyar Ƙwadago ta ƙiyasta haramtacciyar ribar da a ke ci daga aikin tilas, ta ce ta kai dalar Amurka biliyan 236 a shekara. Wannan riba ita ce ta sa cinikin ya ƙi mutuwa. Buhun kaya sau ɗaya a ke sayar da shi, amma mutum ana cin guminsa ko wace rana.

4. RABONMU A CIKI

Ƙungiyar Walk Free ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.6 ne ke cikin wannan hali a Nijeriya. Yawancinsu a cikin ƙasa su ke, a gidajen mutane, da gonaki, da wuraren fasa dutse da haƙar ma'adini. Yaƙin Arewa maso Gabas da ta'adin 'yan bindiga sun ƙara abin, gama wanda aka raba da gidansa da gonarsa ba ya tsayawa binciken mai yi masa alkawari.

Masu fita waje kuwa hanyoyi sanannu su ke bi, waɗansu ma ta ƙofar gidanmu su ke ratsawa.

Akwai hanyar hamada, wadda ke bi ta Kano ko Katsina ko Sakkwato zuwa Agadas, daga nan Libiya, sai teku. A 2014 matan Nijeriya 1,454 suka sauka Italiya ta teku. A 2016 sun kai 11,009. Hukumar Kula da Ƙaura ta ce wajen kashi 80 cikin 100 nasu alama ta nuna karuwanci za a sa su. Irin waɗannan a kan ɗora wa ko wacce bashin Yuro 30,000 ko fiye, a ce kuɗin hanya ne. A watan Nuwamba na 2017 gidan talbijin na CNN ya nuna wa duniya hoton gwanjon maza baƙaƙen fata a Libiya, ana sallama mutum a kan dala 400.

Kada a ce wannan masifar mutanen Kudu ce kaɗai. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Fiye da rabinsu yara ne, yawancin sauran mata. Mafi yawansu daga ƙasar Kance su ke, cikin jihar Damagaram, maƙwabtanmu na kusa, Hausawa irinmu, hanyar kuwa an san ta da kai mata da yara bara.

Akwai hanyar Gabas. Ejan ya yi wa mace alkawarin aikin gida a ƙasashen Larabawa, wani lokaci ya haɗa da kwaɗayin ziyarar Ɗaki Mai Tsarki. Da isarta a karɓe fasfonta, a ce sai ta biya abin da aka kashe mata. A 2020 har tallar wata 'yar Nijeriya aka yi a Facebook a ƙasar Labanan, aka sa mata kuɗi dala 1,000, kafin hukuma ta ƙwato ta. Akwai kuma hanyar Yamma: a farkon 2019 hukumar Nijeriya mai yaƙi da wannan laifi ta ce 'yan matan ƙasar wajen 20,000 ne ke maƙale a Mali, yawanci a wuraren haƙar zinariya.

Tsohuwar bautar ma ba ta ƙare sarai ba. A Nijar, a 1996, aka sayar da wata yarinya 'yar shekara 12, Hadijatu Mani, ta zama wahayya, watau mace ta biyar da a ke riƙewa ba aure. Ta kai ƙara har kotun ƙasashen Afirka ta Yamma. A watan Oktoba na 2008 kotun ta ce Gwamnatin Nijar ta gaza kare ta, ta sa a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Darasin wannan shari'a ya shafi duk mai riƙe da jama'a: hukumar da ta ga bauta ta kau da kai, ita ma ana tuhumarta.

5. TANADIN GWAMNATI

A 2003 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukuma ta musamman domin hana fataucin mutane, wadda a ke kira NAPTIP. Babban ofishinta yana Abuja, tana kuma da manyan ofisoshi a Kano, da Sakkwato, da Maiduguri, da Makurɗi, ban da na Kudu. A 2015 aka sake dokarta, aka tsananta hukunci, aka kuma toshe ƙofar da mai laifi ke bi ya biya tara ya tsira daga kurkuku. Ga kaɗan daga ciki:

Saye ko sayar da mutum: ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, da tarar da ba ta gaza Naira miliyan 2 ba.

Sa mutum aikin tilas: ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, da tarar da ba ta gaza Naira miliyan 1 ba.

Fataucin mutum domin cire gaɓarsa: ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, da tarar da ba ta gaza Naira miliyan 5 ba.

Ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau: ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3.

Girman mutum ba ya kare shi daga irin wannan doka. A 2023 wata kotu a Ingila ta ɗaure tsohon Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawan Nijeriya, Ike Ekweremadu, shekara 9 da wata 8, saboda kai wani saurayi mai talla daga Ikko zuwa Landan domin a cire masa ƙoda. Saurayin da ƙafarsa ya shiga ofishin 'yan sanda ya faɗi abin da ke ciki, aka saurare shi.

Amma ɗaure mai laifi rabin aiki ne. Dokar 2015 ta tanadar wa wanda aka cuta waɗannan haƙƙoƙi:

(a) Ba za a tsare shi ko a gurfanar da shi ba saboda laifin da halin da aka jefa shi ya jawo, kamar tafiya da takardun jabu ko zama a ƙasa ba izni.

(b) Za a sauke shi a gidan da hukuma ta tanada, a ba shi ci da sha da sutura da magani. Bisa al'ada zaman ya kan kai mako 6, ana lallashinsa, ana neman danginsa.

(c) Za a rufa masa asiri, ba za a bayyana sunansa da labarinsa ga jama'a ba, za a kuma kare shi daga barazanar waɗanda suka cuce shi.

(d) Yana da ikon neman diyya daga wanda ya cuce shi. An kuma kafa asusu na musamman domin irinsu, wanda dukiyar da aka ƙwace daga masu laifi ke shiga cikinsa.

(e) Ba za a nuna masa bambanci ba saboda ƙabila ko addini ko ƙasa. Ɗan Nijar ko ɗan Benin da aka cuta a nan, shi ma yana da haƙƙin a taimake shi.

Bayan wannan hukumar ta kan koya wa waɗansu sana'a, kamar ɗinki da saƙa da gyaran gashi, ta mai da waɗansu makaranta. Tun 2017 kuma Gwamnati da Hukumar Kula da Ƙaura sun kwaso dubban 'yan Nijeriya daga Libiya a jirgin sama.

6. INDA GIƁIN YA KE

Sai a dubi waɗannan lissafi biyu a gwama. Waɗanda a ke zaton suna cikin bauta a ƙasar nan miliyan 1.6 ne. Waɗanda hukuma ta gano kuwa, a 2022 da 2023, ba su kai 2,000 a ko wace shekara ba. Watau cikin mutum 1,000 da ƙyar a ke kai wa ga 1 ko 2. Gidajen saukar kaɗan ne, a manyan birane su ke, kuɗin aikin kuma bai wadata ba. Wannan gaskiya ce, ɓoye ta ba zai amfani kowa ba.

Amma babban dalilin shi ne labari ba ya isa. Wanda aka cuta yana tsoron a kama shi. Iyaye suna jin kunya, ko kuwa su ne suka karɓi kuɗin. Dillalin sau da yawa ɗan gari ne, ko ɗan'uwa, gama da ɗan gari a kan ci gari. Ma'aikacin hukuma da ke Kano ba shi da hanyar sanin cewa 'yan mata 6 sun bar wani ƙauye a mota guda bayan girbi. Mai Unguwa ya sani tun kafin motar ta tashi.

Giɓi na biyu yana bayan dawowa. Mako 6 ya cika, yarinya ta koma gida, ta tarar da bashin da aka ci domin tafiyarta yana nan, ana nuna ta da baki, manema sun janye. Idan ba a tsaya mata ba, dillali na biyu zai same ta cikin sauƙi fiye da na farko.

Maganar sarauta tana da nauyi a wannan fage. A ƙasar Bini, masu fatauci sun daɗe suna kai 'yan mata wurin matsafa su yi rantsuwar ba za su gudu ba, ba za su tona asiri ba. A watan Maris na 2018 Sarkin Bini, Oba Ewuare na Biyu, ya tara matsafan a fadarsa, ya warware duk irin wannan rantsuwa, ya la'anci mai sake ɗora ta. Da yawa daga cikin waɗanda tsoro ya rufe wa baki suka sami ƙarfin magana. Abin da ya yi bai ci kuɗin Gwamnati ko kwabo ba.

7. AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Na ɗaya. A buɗe littafi na musamman domin yara da 'yan mata da a ke fita da su aiki. Malami ya rubuta sunan yaro da shekarunsa, da sunan uba, da sunan wanda ya zo ɗauka da inda ya ke zaune, da garin da za a kai shi, da ladan da aka yanka da wanda zai riƙa karɓa, da ranar dawowa. Dillalin ƙwarai ba ya gudun a rubuta sunansa. Wanda ya ƙi, ya riga ya ba da amsa.

Na biyu. Kada a sa hannu a takardar shaidar asali ga wanda ba a sani ba, kada kuma a ƙara wa yarinya shekaru domin ta sami fasfo. Hatimin Hakimi amana ne, da shi a ke buɗe ƙofar fita.

Na uku. Duk ejan da ya zo neman ma'aikata zuwa ƙasar waje, a nemi ya nuna lasin daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, da takardar sharuɗɗan aikin a rubuce. A yi hattara da mai cewa "kada ku biya kome yanzu, in ta fara aiki ta biya", gama wannan shi ne bakin tarkon.

Na huɗu. Idan wani ya dawo, ko aka tsinci baƙon yaro, malami ya tambaye shi a keɓe, mace kuma a sa mace ta zauna tare. Wa ke riƙe da takardunka? Ana biyanka, wa ke karɓa? Kana iya fita in ka so? Akwai bashin da aka ce ana binka? An yi maka barazana, ko an yi wa iyayenka? Amsar waɗannan ta isa ta nuna inda aka dosa.

Na biyar. A sanar da 'yan sanda, da ma'aikatan jin daɗin jama'a na Ƙaramar Hukuma, da ofishin NAPTIP mafi kusa, a kuma aika wa Majalisar Sarki kwafin rahoton. A rubuta rana da sunan wanda aka miƙa wa maganar, a bi sawu bayan mako guda.

Na shida. Kada a kashe irin wannan magana da sulhu a zaure. Sulhu alheri ne a rikicin gona da na aure, amma wannan laifi ne da doka ta yanke wa hukunci. In an karɓi 'yan kuɗi daga dillali aka sallame shi, gobe ƙauyen gaba zai nufa. Kada kuma a bar jama'a su ɗauki doka a hannunsu.

Na bakwai. A tsaya wa wanda ya dawo. Hakimi ya gargaɗi masu yi masa gori, ya nemi Liman ya yi wa jama'a nasiha ran Jumma'a, ya sa baki a sassauta bashin da ke kan iyaye, ya kuma sa sunansa gaba in an zo rabon jari ko koyon sana'a. Wanda aka cuta ba shi ne mai laifi ba, kunyar ta wanda ya sayar da shi ce.

Ran 30 ga Yuli na ko wace shekara ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin tunawa da wannan al'amari. Zai yi kyau ko wane Hakimi ya tara Dagatansa a wannan rana, a buɗe littafin nan, a bi sunaye ɗaya-ɗaya, a ga wanda ya dawo da wanda aka daina jin ɗuriyarsa. Wanda aka daina jin ɗuriyarsa, a aika da sunansa gaba tun a ranar.

TAMBAYOYI DOMIN MALAMAI

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke haɗuwa su zama fataucin mutane, wanne ne kuma ba a bukata in yaro ne?

2. Uba ya karɓi kuɗin wata 6 ya ba da 'yarsa mai shekara 10 aikatau. Me doka ta ce, me kuma malami zai rubuta?

3. Wata ta dawo daga ƙasar waje da fasfon jabu wanda ejan ya yi mata. Za a tsare ta? Ina za a kai maganarta?

4. Wane ofishin NAPTIP ne ya fi kusa da gundumarku, ta wace hanya kuma rahotonku zai isa can?

Allah ya taimaki Sarakunanmu da Hakimanmu bisa riƙon amanar talakawa, ya mai da waɗanda ke hannun azzalumai gidajensu lafiya, amin.